Tafintan da Bai Taɓa Kallon Fim ɗin Ba

Ranar farko ta zaman makokin Baba ina cikin mata ina zuba gahawa, sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Chadi ta faɗo ɗakin tana haki. Ko mayafinta ba ta gyara ba ta cafke mini hannu.

"Ke 'yar nan, wa ya koya wa Autanku Hausa?"

Na ce, "Haba Iya, ki yi mana gaisuwa mana tukuna."

Ta yi gaisuwar a gurguje, ta koma kan maganarta. Wai da kunnenta ta ji lokacin da take wucewa ta ƙofa. An jera kujeru a titi kamar yadda ake yi a nan Madina, dangin mamaci suna tsaye a layi, masu gaisuwa suna bi ɗaya bayan ɗaya suna dafa musu kafaɗa. Auta, ƙanena, shi ne a farkon layi, tunda shi kaɗai ne namiji a cikinmu. In Balarabe ya zo sai ya amsa masa da Larabci. Amma duk tsohon Bahaushen da ya dafa shi, sai ya ce, "Mun gode, Allah Ya ba da lada. In ya taɓa yi muku laifi ku yafe masa." Iya ta ce saura ƙiris ta yi tuntuɓe, don rabonta da jin kalmar Hausa a bakin yaron nan tun yana ɗan makaranta.

Maigidana ya ba ni labarin sauran. Mai gonar da Baba ya yi wa ban ruwa a Awali ya zo da kansa, dattijon Balarabe mai dogara sanda, ya zauna yana ta share ido. Leburorin gonar suka cika bayan mota suka zo da ƙasa a ƙafafunsu. Aminin Baba kuwa, wani tela ɗan Sudan, can ya nisa ya ce, "To jama'a, yanzu wa zai riƙa gaya mana abin da Farin Kwat yake faɗa?" Aka kwashe da dariya a wurin makoki, wasu suna yi hawaye na zuba.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane wane ne Farin Kwat ba, ba kuma zai gane abin mamaki a ɗan Bahaushe ya yi Hausa ba. Maganar ɗaya ce, kuma ni na san ta ciki da waje. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun kafin jikoki su girma su ce kakansu wani tsoho ne kawai mai fartanya.

Baba mutumin Damagaram ne. Yana saurayi ya bi fatake yamma, suka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare musu a bakin teku, a Bisau, zamanin tana hannun Turawan Fotugal. Ya fara da dakon buhunan gyaɗa a tashar jiragen ruwa. Allah Ya yi shi da kunne, duk yaren da ya gifta ta gabansa sai ya tsinci wani abu a ciki, har Turawan kamfani suka mai da shi tafinta tsakaninsu da 'yan dako. Dalilin barinsa can kuwa, jimla ɗaya yake ba mu. Ya ce wata rana an ba shi saƙo ya faɗa wa mutane cewa duk wanda ya ƙi aiki za a ɗaure shi a rana, shi kuma bakinsa ya ƙi ɗauka. Ya naɗe tabarmarsa ya fuskanci gabas. A Sudan ya auri Inna, a can aka haife ni, na shigo Madina a goye. Auta shi ne haifaffen nan, a unguwar bayan Harami da yanzu aka rushe don faɗaɗa masallaci, muka dawo Aziziyya.

Aikinsa a Awali buɗe wa dabino ruwa. Ya bi magudana da fartanya, ya toshe nan ya buɗe can, har ruwa ya kai gindin kowace bishiya. Yakan ce, "Dabino ba ya son gaggawa, ba ya kuma son a manta da shi." Wannan maganar yake yi wa duk wanda ya kawo masa ƙarar ɗansa. Bai taɓa kama sunana ba tunda ni ce 'yar fari, sai dai ya ce "ke mai baki", kuma ban ce ya yi mini ƙazafi ba.

Lokacin aikin Hajji in ya tashi daga gona ba ya zuwa gida kai tsaye. Sai ya je ya zauna kusa da ƙofar Harami ya sunkuyar da kai yana saurare, don ya ce wanda ya ɓata ba a fuska ake gane shi ba, a murya ne. Wata shekara ya shigo mana da wata tsohuwa ƙafa duk a kumbure. Ta rabu da ayarinta, ba ta jin Larabci, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Baba ya ji tana kiran ruwa da harshen Fotugis. Ranar na fara jin wannan harshe a bakinsa, yana ta fita kamar an buɗe famfo. Inna ta gasa mata ƙafa da ruwan zafi, ta kwana a kan katifata, washegari ya yi ta yawo da ita har ya gano mutanenta.

Faɗansa da Auta kuwa ba a ɗaga murya ba ko sau ɗaya, shi ya sa ya daɗe. Auta ya sha tsokana a makaranta, yara suna kwaikwayon maganar Takari a bayansa. Ya ƙudura a ransa sai ya fi su Larabci, ya kuwa fi su. Ya samu aikin ofis, ya yi farar riga mai guga, ya yi mota. Wata rana Baba ya gan shi a ƙofar masallaci tare da abokan aikinsa, ya yi masa magana da Hausa kamar kullum, yana tambayarsa ko ya ci abinci. Auta ya matso ya ce masa da Larabci, ƙasa-ƙasa, da irin kiran da Larabawa ke yi wa uba, "Abuya, a gaban mutane ka riƙa yi mini Larabci."

Baba ya ce, "To."

Ya kuwa cika. A waje bai sake yi masa Hausa ba. A gida yakan yi masa Hausa, Auta ya mayar da Larabci, haka suka zauna shekara da shekaru. Kada wani ya ɗauka Auta ɗan banza ne. Shi ke kai Baba asibiti, shi ke sumbatar goshinsa duk Juma'a, bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Amma na taɓa jin Baba yana ce wa Inna, "Ni da na yi wa Turawa tafinta, ga shi ina neman mai yi mini tafinta da ɗan cikina." Inna ta ce ai yana jin duk abin da ake faɗa. Baba ya ce, "Ji daban, amsawa daban. Ina so kafin in kwanta a Baƙi'a in ji ya kira ni Baba." Ni dai ranar na ji haushin Auta har na kasa cin abinci. Na tare shi na wanke shi tas, ya bari na gama, ya ce, "Halas, Yaya?" Wato, kin gama? Da Larabcin dai.

Ana nan sai bidiyo ya shigo gidaje. Garin da ba gidan sinima, kowa ya samu hali sai ya sayi nasa. Maigidana direban babbar mota ne tsakanin Jidda da Madina, shi ya kawo mana, shi ne kuma wata rana ya dawo da wani kaset a aljihu. Wani mai shago ne a Jidda ya rasa mai sayensa. Ya ce masa tsohon fim ne na siyasa daga Barazil, wai an taɓa hana nuna shi a can, ya yi shekaru a ajiye har ya fara lalacewa, sannan aka gyara shi aka fitar a kaset. Ba fassarar Larabci a ƙasa, ba komai. Da maigidana ya ji an ce da Fotugis ake magana a ciki sai ya tuna surukinsa, ya karɓo a matsayin tsaraba.

Muka saka, hoto ya fito fari da baƙi. Muka ce bidiyo ya lalace! Maigidana ya kinkime shi zuwa wurin mai gyara, aka buɗe, aka hura, aka goge, aka dawo da shi, fari da baƙi dai. Ya sake komawa, har suka yi cacar baki da mai gyaran. Sai da mutumin ya gaji ya saka wani kaset nasa, launi ya fito rangaɗau, sannan muka gane haka aka yi fim ɗin tun asali. Inna ta ce, "To gyaran me aka ce an yi masa, tunda ko ja ba su iya sa masa ba?"

Duk wannan bidirin Baba bai ko ɗaga kai ba. Shi ba ruwansa da talabijin. Amma ranar wata Juma'a bayan an ci abincin rana muka saka kaset ɗin, yana alwala a tsakar gida, sai muka ji buta ta daina zuba. Ya shigo hannu na ɗigar ruwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai.

"Ku mayar baya," in ji shi.

Aka mayar. Ya ce, "Bakinsu daban da na Bisau, kamar Basakkwace da Bakano, amma ana ji. Wannan cewa yake yi, mun shuka, mun nome, mun sare, mai gona ya auna da mudunsa."

Muka ce Baba zo ka zauna ka gani. Ya ce, "Ban kalli hoto ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba." Ya jawo kujerarsa ta katako, ya ajiye ta gefen talabijin, ya ba shi baya, ya fuskance mu. Ya ce, "Ku ne ido, ni ne kunne. Ni in gaya muku abin da suke faɗa, ku ku gaya mini abin da suke yi."

Haka aka fara, haka kuma aka yi ta yi kusan kowace Juma'a. Labarin leburorin gonar rake ne da suka ƙi sara sai an ba su filin da za su noma wa kansu. Baba ya raɗa wa kowa suna. Shugaban leburori Mai Malafa. Uwarsa Tsohuwa. Ɗan siyasar da ke zuwa daga birni yana alkawari, shi ne Farin Kwat. In Farin Kwat ya hau kan mota zai yi jawabi, Baba sai ya gyara zama, ya tura ƙirji, ya kumbura murya, "Ya ku 'yan uwana talakawa! Ni ma ɗan talaka ne!" Sannan ya sauke murya ya ce, "Ƙarya yake, ku duba mini takalminsa." Mu ce ai kuwa sai ƙyalli yake. Ya ce, "Na sani. Na yi wa irinsa tafinta."

Labari ya bazu. Tela ya fara zuwa, leburorin Awali suka biyo, 'yan Chadi da 'yan Sudan da 'yan Nijar, maza a falo, mu mata a bayan labule muna leƙe. Wani ya taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron fassara maganar siyasa. Ya ce, "Siyasar Barazil ce, wa ta dama a nan? Amma mai gona iri ɗaya ne ko'ina, harshe ne kawai ke canzawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban da namu, namu mutumin kirki ne." Aka yi dariya har da masu tafi.

Doka ɗaya ce a wannan zama. In za ka gaya wa Baba abin da ke faruwa, da Hausa za ka faɗa. 'Ya'yana haifaffun Madina ne, bakinsu ya fi saurin kama Larabci. In ɗayansu ya yi ihu da Larabci cewa sojoji sun zo, Baba sai ya kara hannu a kunne ya ce, "Ban ji ba." Mutumin da ke ciniki da Larabci, yake faɗa da Larabci, yake jin huɗuba ya dawo ya maimaita mana! Amma "ban ji ba". Fim yana tafiya, ba ya jira, yaro ya yi ta kame-kame har ya ce, "Sojoji sun zo, Kaka, suna da bindiga!" Sannan Baba ya ce, "Yawwa, yanzu na ji." Mutane sun ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya sa ya juya kujerar nan. Akwai tsoron Allah, ban musa ba. Amma ni na san ubana, ba jikoki kaɗai yake wa tarko ba.

Wanda ake wa tarkon kuwa ya ƙi faɗawa. Auta yakan zo, ya sumbaci goshi, ya zauna can bakin ƙofa ya buɗe jarida. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai na lura shafi ɗaya yake riƙewa har a tashi.

Akwai wuri guda da Baba ya fi ƙauna, ƙarshen fim ɗin. Sojoji sun kori leburori, an tafi da Mai Malafa, Farin Kwat ya koma birni. Daga nan ba a sake magana ko ɗaya, sai iska da takun ƙafa. Tafinta ba shi da aiki, dole ya dogara da masu ido. Tsohuwa ce ke dawowa ita kaɗai zuwa filin da aka hana su, ta sa fartanya ta fasa bakin magudana. Ruwa yana fara shiga sai hoto ya ɗauke. Kullum Baba sai ya yi tsaki ya ce, "Masu fim ɗin nan ba su san aiki ba. Wa ke buɗe ruwa ya tafi bai ga inda ya kai ba?"

Da ciwo ya kwantar da shi aka daina taron. Likita ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a, mu ma mun gane. Juma'arsa ta ƙarshe, bayan La'asar, ya ce a kawo masa talabijin ɗaki a sa kaset. Ba ya iya zama a kujera, sai ya ce a juya shi ya fuskanci bango. Auta ya zo da lemo a leda. Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Na tattara yara kaf na ce su zo su taya ni tsince shinkafa, wanda ya yi gardama na ja kunnensa. Inna ta ce za ta shiga maƙwabta. Maigidana na aike shi sayen abin da muke da shi a gida. Ni na shirya wannan, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Na bar su su biyu, na dawo na laɓe a bayan labule.

Baba ya yi ta fassara da 'yar muryar da ta rage masa, yana yi yana hutawa. Bai tambayi komai ba har aka zo wurin da magana ke ƙarewa. Iska ta fara kaɗawa a talabijin. Ya ce, "Me ake yi?"

Auta ya gaya masa da Larabci cewa tsohuwar ta dawo.

"Ban ji ba."

Ina jin takun Tsohuwa a cikin fim. Wallahi na yi niyyar in faɗa ɗakin in rufe Auta da duka, da girmansa da farar rigarsa. Baba ya sake cewa, ba da wasa ba wannan karon, "Ana ta tafiya, ni kuwa an bar ni a duhu."

Sai na ji an yi gyaran murya.

"Tsohuwa ce. Ta dawo."

Hausar ta fito da ƙyar, amma irin ta bakin Inna ce sak, wadda ya sha da nono.

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

"Me ke hannunta?"

"Fartanya."

"Ban ji ba. Wa kake gaya wa?"

"Fartanya ce, Baba."

Na toshe bakina da gyale. Baba ya ce, "Yawwa. To sai me?" Auta ya ce ta fasa magudana, ruwa ya fara shiga. Nan kaset ya ƙare, hoto ya ɗauke, talabijin ya koma shuuu, sai ɗige-ɗige fari da baƙi. Baba ya san wannan ƙarar sarai, ya ji ta Juma'a bayan Juma'a. Amma sai ya ce, "Ruwan ya kai ina?"

Na leƙa. Auta yana durƙushe a gefen gado, bai ma kallon talabijin ɗin. Ya ce, "Ya wuce kunyar farko, Baba."

"Ta toshe ta buɗe ta gaba?"

"Ta toshe. Ta buɗe ta gaba."

"Kada ta yi gaggawa."

"Ba ta gaggawa. A hankali take yi, kamar yadda kake yi."

Haka suka yi ta bin gonar da babu ita a cikin fim, kunya bayan kunya, uba na tambaya ɗa na amsawa, har aka kira Magariba. Abu na ƙarshe da na ji Baba ya tambaya shi ne ko akwai inda aka manta. Auta ya ce babu, ruwa ya kai ko'ina. Baba ya ce, "To kashe. Yau an gama shi."

Kwana kaɗan bayan haka ya cika. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a kamar yadda ya yi ta roƙo. Allah Ya jiƙan Baba, Ya shayar da shi daga tafkin Annabin da ya yi wa maƙwabtaka, Ya sa ya ji kiran rahama tun a karon farko.

Bayan an tashi daga makoki Auta ya zo ya ce, "Yaya, ki ba ni kaset ɗin, da kujerar." Na ce ka ji Fotugis ne? Ya ce a'a, amma ya haddace duk abin da Baba ke faɗa, har da takalmin Farin Kwat. Ashe aikin da yake yi ke nan a bayan jarida. Na ba shi. Juma'ar da ta wuce matarsa ta zo daga unguwarsu Khalidiyya tana ba ni labari tana dariya tana kuka. Wai ya ajiye kujerar gefen talabijin ya ba shi baya, 'yarsu ta gaya masa da Larabci cewa sojoji sun zo, sai ya kara hannu a kunne ya ce, "Ban ji ba."